Tururuwar wuta ta harbi ɗana, ƙurajen sun yi farin kai: me ke cikin dafinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara muka tare a Huston, jihar Teksas ta Amurka, wurin aikin maigidana. Shekaranjiya ɗana mai shekara 4 yana wasa a ciyawar bayan gida, ya taka wani ɗan tulin ƙasa, sai wasu jajayen tururuwa suka yi wa ƙafarsa ca. Washegari wurin duk ya feso da ƙuraje masu farin kai. Maƙwabta sun ce tururuwar wuta ce. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga wurin? Irin cinnakarmu ce ta gida? Kuma yaya zan raba gidan da su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba.

Ki kwantar da hankalinki game da ƙurajen nan. Ba ƙwayoyin cuta ne suka kawo su ba. Haka harbin tururuwar wuta yake yi wa kusan kowa, babba da yaro, har likitocin kudancin Amurka da wannan farin kan suke gane ta ko ba a kai musu ƙwaron ba. Lokacin da ya kamata hankali ya tashi shi ne sa'a guda ta farko bayan harbin. Tunda yau kwana biyu yaro yana numfashi lafiya, yana ci yana wasa, wancan haɗarin ya wuce a wannan karon. Amma a Teksas kike, kuma yaron da ke wasa a ciyawa zai sake gamuwa da ita, don haka gara ki san ta sosai.

Abu biyu take yi wa mutum, cizo da harbi, kuma ba cizon ne mai zafin ba. Da za ki sa gilashin ƙara girma ki dubi guda ɗaya a bayan hannu, za ki ga ta fara kafa muƙamuƙanta a fata, ta ɗan tattaro fatar sama, sannan ta lanƙwaso bayanta ta ƙarƙashin ƙirji ta soka ƙarin da ke ƙarshen cikinta. Ba ta sakin bakin. Sai ta zare ƙarin, ta ɗan muskuta gefe, kan yana nan a kafe, ta sake sokawa. Ki duba ƙafar yaron da kyau, za ki ga wasu ƙurajen sun jeru a ɗan zagaye ko rabin zagaye. Wannan aikin tururuwa ɗaya ne. Ƙudan zuma ƙarinsa yana da ƙayoyi, yakan maƙale a fatar mutum, ƙudan ya bar shi can ya je ya mutu. Nata ba ya maƙalewa, tana iya maimaitawa sau da yawa muddin ba a cire ta ba.

Ƙanana ne ƙwarai, tsawonsu daga milimita 2 zuwa 6, shi ya sa suke hawa ƙafa mutum bai ji ba. Da zarar ya motsa, ko aka matse ɗaya daga cikinsu, sai ta saki wani sinadari da ke gaya wa sauran cewa akwai haɗari, su ko su soka kusan a lokaci guda. Tsalle da karkaɗe ƙafa ba sa sa su saki, zuba ruwa ma haka, domin bakin yana riƙe da fata. Abin yi shi ne a ɗauke yaro daga wurin, a share su da tafin hannu ko tsumma da ƙarfi da sauri, a cire takalmi da safa, a duba cikin wando.

Yanzu dafin. Dafin ƙudan zuma da na rina da na kunama yawancinsa furotin ne da danginsa narke cikin ruwa. Na tururuwar wuta ya sha bamban da su: kusan kashi 95 cikin 100 wani sinadari ne mai maiƙo da ba ya narkewa a ruwa, daga cikin rukunin da ake kira alkaloyid, irin waɗanda aka fi sani a jikin tsirrai. Sunansa solenofsin. Idan ya shiga fata sai ya huda bangon ƙwayoyin halittar da ya tarar, wasunsu su saki histamin, wani sinadarin jiki mai jawo kumburi da ƙaiƙayi, nan take wurin ya yi ja ya tasa, ga raɗaɗi irin na ƙuna. Wannan kumburin farko yakan faɗa cikin sa'a ɗaya ko makamancin haka. Bayan wasu sa'o'i sai ɗan ƙurji mai ruwa garau ya fito, ruwan ya fara gurɓacewa, kafin a kwana a wuni ya zama fari. Abin da ke cikinsa matattun ƙwayoyin fata ne da fararen ƙwayoyin jini da suka taru don share wurin. Babu ƙwayar cuta a ciki, domin shi kansa dafin yana kashe bakteriya. Su tururuwan ma da shi suke tsabtace gidansu: tururuwa ma'aikaciya takan ɗaga bayanta tana kaɗawa, ta fesa ɗan kaɗan a kan ƙwai da tsutsotsi don kada fumfuna da ƙwayoyin cuta su kama su a cikin damshin ƙasa.

Saboda haka kada ki matse, kada ki fasa da allura. Fatar da ta rufe ƙurjin ita ce kariyarsa, kuma yawancin waɗanda wurin ya rikiɗe musu ya zama gyambo susa ce ta jawo. A wanke da sabulu da ruwa, a ɗora ƙanƙara naɗe a tsumma na ɗan lokaci, a yanke wa yaro farce. In ƙaiƙayi ya hana shi barci, maganin antihistamin na yara da man haidirokotizon suna taimakawa, mai kemis zai gaya miki adadin da ya dace da shekarunsa. Cikin mako guda zuwa kwana goma za su bushe, wani lokaci su bar ɗan tabo baƙi da ke ɗaukar makonni kafin ya baje. Idan kuwa kika ga jan yana faɗaɗa bayan kwana biyu ko uku, wurin ya ɗauki zafi, ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya shigo, to an samu shigar ƙwayoyin cuta ta inda aka sosa, sai a kai shi ga likita. Masu ciwon suga su fi kowa lura da ƙafafunsu a nan.

Za ki ji ana cewa a shafa toka, ko kanwa, ko man goge baki, wai don su kashe tsamin dafin. Wannan ya samo asali ne daga wasu tururuwan daban masu fesa asid. Tururuwar wuta ba ta cikinsu, dafinta ba asid ba ne, kuma kafin ki ɗauko tokar ya riga ya shige cikin fata. Kananzir da bilic kuwa ƙuna kawai za su ƙara wa yaro.

Ragowar dafin, bayan an cire maiƙon da ɗan ruwan da ke ciki, furotin ne ɗan mitsitsi. A nan haɗarin rai yake. Masana sun ware guda huɗu da aka fi sani daga cikin furotin ɗin, suka sa musu lamba daga Sol i 1 zuwa Sol i 4. Ga yawancin mutane ba sa yin komai. Amma akwai wanda garkuwar jikinsa ke ɗaukar su a matsayin babban abokin gaba tun daga harbin farko, ta yi shiri ta ajiye. Ran da aka sake harbinsa, ko da tururuwa ɗaya ce, sai jikin gaba ɗaya ya saki histamin da danginsa a lokaci guda, jijiyoyin jini su saki, hawan jini ya faɗi, hanyar numfashi ta kumbura ta tsuke. Wannan shi likitoci ke kira anafilaksis. Ƙiyasin masu bincike ya bambanta, amma yawanci ana sa shi wajen mutum 1 ko 2 cikin 100 na waɗanda aka harba, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanya a Amurka. Ki lura da abin da wannan ke nufi: yawan ƙuraje ba ya nuna girman haɗari. Yaro na iya kwasar harbi hamsin ya tashi da ƙaiƙayi kawai, wani ya sami guda biyu ya faɗi. Haka kuma wucewa lafiya a karon farko ba ta tabbatar da na biyu, tunda karon farkon ne ke koya wa jiki.

Alamomin suna zuwa da wuri, yawanci cikin mintuna kaɗan zuwa rabin sa'a. Borin jini a wuraren da ba a harba ba, kamar a ce ƙafa aka harba amma ciki da baya da wuya suka feso. Kumburin leɓe ko harshe ko fatar ido. Murya ta dishe, tari ya sarƙe, numfashi yana fita da ƙara. Amai, murɗawar ciki, jiri, ko yaro ya yi laushi ya langaɓe. Idan kika ga irin wannan, ki kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, nan take, kada ki tsaya neman maigida a waya tukuna. Ki kwantar da shi ki ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya yi wuya ki bar shi a zaune, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. Maganin wannan hali guda ɗaya ne, allurar adiranalin a tsokar cinya. Piriton da Benadryl suna rage ƙaiƙayi da borin jini, amma ba sa buɗe maƙogwaro, ba sa ɗaga hawan jinin da ya faɗi, kuma jiran su yi aiki ya sha cinye mintunan da ake buƙata. Ko an yi allurar ya farfaɗo sai an je asibiti, saboda abin yakan dawo bayan wasu sa'o'i. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali, likita zai rubuta masa allurar tafi-da-gidanka irin su EpiPen, ya kuma tura shi wurin likitan alaji, wato mai kula da irin wannan borin garkuwar jiki. Akwai jerin allurai da ake yi na tsawon shekaru, ana sa wa jiki ɗan kaɗan na abin da aka tace daga jikin tururuwar har ya saba, kuma suna rage haɗarin sosai.

Tsakanin ƙurajen yau da kullum da wancan mummunan hali akwai na tsakiya: ƙafa ko hannu ya kumbura suntum, ya yi ja da ƙaiƙayi na kwana biyu ko uku. Yana da ban tsoro a ido, amma muddin kumburin yana manne da inda aka harba, ba shi ne anafilaksis ba. A nuna wa likita dai.

Jarirai da tsofaffin da ke kwance su ne abin tausayi, domin ba sa iya gudu ko sharewa. An samu lokutan da tururuwan suka shiga ɗakunan kula da tsofaffi a kudancin Amurka suka yi wa marasa lafiya ɗaruruwan harbi a kan gado. Kada a shimfiɗe jariri a ciyawa, kada a ajiye kujerarsa ta mota a ƙasa a wurin shaƙatawa sai an duba. Wani masanin ƙwari Ba'amurke, Justin Schmidt, ya tsara ma'aunin zafin harbin ƙwari daga 1 zuwa 4. Ya sa tururuwar wuta a wajen 1, ƙudan zuma a 2. Ta fuskar zafi, harbi ɗaya ba wani abu ba ne. Taron ne matsalar.

Batun cinnaka kuwa, a'a, ba ita ba ce, ko dangi na kusa ba su ba ne. Tururuwar da ta harbi ɗanki sunanta na kimiyya Solenopsis invicta, ja ce mai duhun baya. Cinnaka baƙa ce, kuma a ganina siffarta da halinta sun yi daidai da wadda masana ke kira Brachyponera sennaarensis, mazauniyar busassun ƙasashen Afirka tun daga yammaci har Sudan. Ita ma da ƙari take harbi, amma dafinta na furotin ne, shi ya sa take bar wa mutum zogi da kumburi ba tare da farin ƙurji ba. Kada a raina ta don an saba da ita. Ta bazu a ƙasashen Larabawa, inda suke ce mata samsum, kuma likitoci a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun rubuta rahotannin mutanen da harbinta ya jefa cikin anafilaksis. Cinnaka dai ba ta san na gida ba. Duk abin da na faɗa game da alamomin haɗari ya shafi wanda ke Kano ko Maraɗi ko Makka, idan bayan harbin cinnaka ya ji maƙogwaronsa yana tsukewa. Kwarkwasa ita da muƙamuƙi take aikinta, wannan wani babi ne daban.

Kafin mu zo kan yadda za ki rabu da su, sai kin san daga inda suka fito, domin duk halinsu can ya samo tushe. Asalinsu Amurka ta Kudu ne, a filayen da kogin Parana da kogin Paragwai ke malalewa duk shekara, wato arewacin Ajantina, Paragwai da kudancin Burazil. Ƙwaron da ya rayu a inda ruwa ke share ƙasa lokaci-lokaci dole ya iya abu biyu: tsira daga ambaliya, da saurin mamaye fili da zarar ruwa ya janye. Duka biyun ta ƙware. Idan ruwa ya cika gidansu sai su fito gaba ɗaya, su kama juna da baki da ƙafafu, su saƙa jikinsu kamar tabarma, sarauniya a tsakiya, ƙwai da tsutsotsi tare da su, su yi ta yawo a kan ruwa kwana da kwanaki har su dafa tudu ko itace. Masu bincike a jami'ar Georgia Tech sun nuna a 2011 cewa saƙar tana riƙe iska a tsakanin jikkunansu, shi ya sa na ƙasa ma ba sa nutsewa. Maƙwabtanki da suka ga ambaliyar guguwar Harvey a 2017 za su ba ki labarin jajayen dunƙulen da suka riƙa yawo a unguwannin Huston. Garinku gari ne na ambaliya, saboda haka ki riƙe wannan: a irin wannan hali sun fi zuba dafi a kowane harbi, kuma duk abin da suka taɓa hawansa za su yi, har da ƙafar mutum.

Sun shiga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobil a jihar Alabama wajen shekarun 1930, ana kyautata zaton a cikin ƙasar da jiragen ruwa ke lodawa don daidaita nauyi. Edward Wilson, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan tururuwa na duniya, yana yaro ɗan shekara 13 ya gan su a wani fili kusa da gidansu a Mobil a 1942. Yau sun mamaye fiye da eka miliyan 300 a kudancin ƙasar, kuma asarar da suke jawowa ta kai biliyoyin daloli a shekara, daga kuɗin magani zuwa amfanin gona, ƙananan dabbobi da kayan lantarki. A can gida Amurka ta Kudu ba su kai haka yawa ba, domin akwai ƙwari da cututtuka da sauran tururuwa da ke taka musu burki. Sun tsallako sun bar maƙiyansu a baya, suka kuma tarar da abin da suke so: fili buɗaɗɗe mai rana, wanda aka sare aka baje. Ciyawar da ake yankewa ana ba ta ruwa, gefen titi, makiyaya, filin ƙwallo. Cikin kurmi mai inuwa ba su cika yawa ba. Walter Tschinkel na jami'ar jihar Fulorida, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarinsu, ya daɗe yana cewa ɗan Adam ne ke share musu hanya, kuma ina tare da shi a wannan.

A 1957 gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da yaƙin kawar da su. Aka riƙa zuba magungunan heftakulo da dayaldirin daga jiragen sama a kan miliyoyin eka. Tsuntsaye da kifaye da dabbobin gida suka yi ta mutuwa. Daga 1962 aka koma wani magani mai suna mireks, shi ma aka hana amfani da shi a 1978 bayan an gano yana daɗewa a ƙasa yana taruwa a jikin halittu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: maganin ya share tururuwan asali na ƙasar waɗanda ke gogayya da baƙuwar, ita kuwa da ta fi kowa iya mamaye fili fanko ta dawo ta riga su. Wannan tarihi yana ba ni takaici duk lokacin da na ga ana feshi ba tare da an san rayuwar ƙwaron da ake son kashewa ba.

Ga yadda gidan yake. Bayan an yi ruwa, rana ta fito da ɗumi, sai maza da mata masu fukafukai su tashi sama su sadu. Namijin ya mutu. Macen ta sauko, ta karya fukafukanta, ta haƙa ɗan rami ta toshe kanta a ciki. Ba ta fita neman abinci. Naman da ke motsa fukafukan ne jikinta ke narkarwa, da shi take ciyar da 'ya'yan farko, waɗanda ke fitowa 'yan ƙanana ƙwarai. Saduwar nan guda ɗaya ta ishe ta har ƙarshen rayuwarta, wadda kan kai shekara 6 ko 7, kuma idan gida ya bunƙasa tana iya yin ƙwai fiye da 1,000 a rana. Ma'aikatan duk mata ne da ba sa haihuwa, rayuwarsu wata ɗaya zuwa 'yan watanni, kuma babban gida yana iya ɗaukar 200,000 ko fiye. Tulin ƙasar da ɗanki ya taka ba shi da ƙofa a sama. Ta ramukan da suka miƙa ƙarƙashin ciyawa suke fita, su ɓullo mitoci da yawa daga wurin. Tulin kansa don zafin rana aka gina shi: da safe su hauro da ƙwai da tsutsotsi sama su sha ɗumi, rana ta take su mayar da su ƙasa. Lokacin zafi da fari sukan nutsa can ƙasa tulin ya baje, mutum ya ɗauka sun tafi, ana yin ruwa ya wayi gari ya ga sabo.

A Teksas akwai ƙarin matsala. Wasu gidajen sarauniya ɗaya gare su, suna kuma faɗa da maƙwabtansu, abin da ke rage yawansu a fili. Wasu kuwa sarauniyoyi da yawa ne a gida guda, ba sa faɗa da juna, kuma sabon gida yana samuwa ne idan wata sarauniya ta ɗebi ma'aikata suka taka da ƙafa zuwa gaba kaɗan. Irin wannan na biyun ya yawaita a jiharku, shi ya sa za ki ga tuli a nan, tuli a can, kusa-kusa. Bambancin yana cikin gadon halittarsu. Masu bincike Kenneth Ross da Laurent Keller sun danganta shi da wata ƙwayar gado mai suna Gp-9, daga baya a 2013 aka gano cewa wani babban yanki ne na kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, da ake gadonsa a dunƙule. Ma'aikatan gida mai sarauniyoyi da yawa suna shinshino sarauniyar da ba ta ɗauke da irin nasu, su kashe ta.

Abin da zai fi yi miki amfani a duk wannan shi ne yadda suke cin abinci. Babbar tururuwa ba ta iya haɗiye abu mai tauri, ruwa-ruwa kawai ke wuce maƙogwaronta. Idan ta samo ƙwaro ko tsaba sai ta kai wa manyan tsutsotsin gida, su narkar, sannan a riƙa miƙa abincin baki da baki har ya isa ga sarauniya. Waɗanda kike gani a waje kaɗan ne daga cikin gidan, kuma yawanci tsofaffi ne da kwanansu ya kusa ƙarewa. Fesa musu maganin sauro ko na kyankyaso aikin baban giwa ne, sarauniya za ta mayar da gurbinsu cikin 'yan kwanaki. Tona tulin da shebur kuwa ƙaura kawai zai sa su yi zuwa wani gefen gidan.

Maganin da ke aiki shi ne wanda su da kansu za su ɗauka su kai mata. Ana sayar da shi a shagunan kayan lambu: tsakin masara ne da aka jiƙa da man waken suya, aka sa masa guba mai jinkirin aiki kamar haidirametilnon ko indokzakab, ko kuma sinadarin da ke hana ƙwai zama ma'aikata, kamar metofirin. Jinkirin da gangan ne, don mai ɗauka ta rayu har ta raba wa na ciki. A barbaɗa shi a duk filin, kaɗan-kaɗan yadda takardar ta ce, ba a kan tulin ba, kuma kada a taɓa tulin kafin a zuba. Ƙasa ta kasance a bushe, ba a sa ran ruwa a ranar. Don ki tabbatar suna kiwo, ajiye ɗan guntun abu mai maiƙo a ciyawa, in kika dawo bayan rabin sa'a kika ga sun rufe shi, lokaci ya yi. Ki sayi sabo, domin idan man ya yi ɗoyi ba sa ɗauka. Sakamako yana ɗaukar kwanaki zuwa makonni gwargwadon irin maganin. Bayan kamar mako guda, tulin da ke kusa da ƙofa ko wurin wasan yara sai a bi shi da maganin da ake kwararawa kai tsaye. Wannan tsari mai mataki biyu shi jami'ar Texas A&M ke koya wa mazauna jihar, ana yin sa sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ya fi tasiri idan maƙwabta suka haɗa kai suka yi a lokaci guda. In gidan haya kuke, ki sanar da masu gidan, sau da yawa aikinsu ne. Tafasasshen ruwa kamar lita 11 a kan tuli yana kashe wajen 6 cikin 10, amma yana ƙone ciyawa, kuma ɗaukar tukunyar tafasasshen ruwa a gidan da ke da ɗan shekara 4 ba abin da zan ba da shawara ba ne. Fetur kuwa kada ma a fara, ga gobara ga lalata ƙasa. Ki riƙa sa a duba akwatin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje da na mitar wuta, suna son taruwa a ciki har su haddasa matsala.

Ba za su ƙare ƙaf ba, rage su ake yi. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumomin Amurka suke sakin wasu ƙananan ƙudaje na jinsin Pseudacteon da aka kawo daga Amurka ta Kudu. Ƙudan yana dasa ƙwai a jikin tururuwa, tsutsar ta haura cikin kanta ta cinye abin da ke ciki har kan ya guntule. Waɗanda suke kashewa ba su da yawa, amma tsoronsu yana hana tururuwan fita kiwo yadda suke so.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a gida. Wannan tururuwa ba ta tsaya a Amurka ba. An gano ta a Birisben ta Ostareliya a 2001, Taiwan a 2003, lardin Guwandon na ƙasar Sin a 2004, cikin kwantena a Japan a 2017, sannan a 2023 aka ba da rahoton gidaje 88 kusa da birnin Sirakus a tsibirin Sisili na Italiya. Duk ta hanyar kaya take tafiya: kwantena, ƙasar da ta manne a injuna, tukwanen shuke-shuke, ciyawar dabbobi. Guwanzu, inda 'yan kasuwarmu ke lodin kaya zuwa Apapa da Kwatano, tana cikin lardin Guwandon ɗin nan. Fari da sanyi mai tsanani ne ke tsayar da ita, amma inda ake ban ruwa tana rayuwa ko da ƙasar busasshiya ce, wato fadamu da lambunan rani irin namu za su karɓe ta. Wata ƙaramar tururuwa mai harbi daga nahiyar Amurka, Wasmannia auropunctata, ta riga ta kafu a Gabon da Kamaru, inda a Kamarun har da hannu aka riƙa yaɗa ta a gonakin koko don ta kori wasu ƙwari, daga baya ta zame wa mutane alaƙaƙai. Saboda haka idan za ku zo hutu ko za ku aiko da mota ko kaya ta jirgin ruwa, kada a haɗo da shuka mai ƙasa a jikinta, a wanke tayoyi da ƙarƙashin mota, a kakkaɓe duk abin da ya daɗe a ajiye a gareji ko a waje. Wanda kuma ya buɗe kwantena a gida ya ga jajayen tururuwa masu girma daban-daban suna tururuwar fitowa, ya rufe, ya kama kaɗan ya jefa a ƙaramar kwalba mai sifirit, ya kai wa jami'an kula da shigo da tsirrai ko sashen nazarin ƙwari na jami'a mafi kusa kafin a sauke kayan.